Uwargida, me ake yanka a albashin gidanki kafin alat ya shigo?

Yau ki ɗan ajiye ludayi ki ɗauko biro da takarda, lissafi za mu yi.

Kin san yadda ƙarshen wata yake a gidan ma'aikaci. Daga 25 ga wata kunne yana kan waya. Da zarar alat ya shigo sai a tura yaro wajen mai POS, a biya mai kanti bashin da ya taru, a ba uwar adashe nata, abin da ya rage a yi awo. Adadin nan da ya fito a waya shi muka saba kira albashi, alhali ragowa ce. Tun a ofishin biyan albashi an riga an cire na fansho, an cire na lafiya, an cire na ƙungiyar ma'aikata, sannan akwai wani layi mai haruffa huɗu, PAYE. Wannan shi ne harajin albashi, kuma Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano, wato KIRS, ake kai wa, domin jihar da mutum yake zaune ita ke da harajin albashinsa.

A gari kamar Kademi, da kewayen Gaya da Ajingi, yawancin gidaje noma da kasuwa ne ke riƙe da su. Duk da haka zai yi wuya ki ƙirga gida goma ba ki tarar da mai albashi ba: malamin firamare, ma'aikaciyar asibiti, ma'aikacin sakatariya a Gaya, ko ɗa da yake aiki a Wudil ko Kano yana dawowa ƙarshen mako. Wata ma ke ce mai albashin. Kuma albashin mutum ɗaya a irin gidajenmu baki nawa yake ciyarwa? Ke kika fi kowa sani. To, tun daga ranar 1 ga Janairun 2026 hanyar lissafin wannan haraji ta sauya gaba ɗaya.

Daga harajin dagaci zuwa na kwamfuta

Ki tambayi kowane dattijo a Kademi yadda haraji yake a zamanin En'e, za ki sha labari. Bayan kaka mai unguwa yake bi gida-gida, ya tattara ya kai wa dagaci, kuɗin ya wuce Gaya, daga can ya nufi Kano. Magidanci ya sayar da gyaɗa ko akuya ya biya, ya adana rasit kamar ransa, saboda ana iya tare shi a hanya ko a kasuwa a ce ya nuna. Mai shanu kuma ga jangali. Wannan haraji shi ne gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke a Kano bayan hawansa mulki a 1979, har yau tsofaffi ba su manta masa ba.

Abin da na lura da shi shi ne, kakanninmu da yawancinsu ba su yi boko ba sun san ainihin abin da aka karɓa a hannunsu, har kwabo. Mu da muke da waya a hannu, wata a kan wata ana yanka, amma idan aka tambayi malami nawa ne harajinsa sai ya ce, "Wallahi suna dai cirewa." Kuɗin da bai taɓa shiga aljihu ba, ba a jin zafin fitarsa.

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, bayan doguwar taƙaddama da ta biyo bayan aikin kwamitin Taiwo Oyedele. Kin dai ji hayaniyar da aka yi a Arewa kan rabon harajin VAT. Abin da ya shafi tukunyarki kai tsaye kuwa bai samu wannan hayaniyar ba.

A tsohuwar doka, kowane ma'aikaci yana da wani rangwame na bai-ɗaya: a ware masa naira 200,000, a ƙara da kashi 20 cikin 100 na abin da yake samu, waɗannan ba a taɓa su. Ragowar kuma a fara yanka daga kashi 7 har zuwa kashi 24. Sabuwar doka ta share wancan rangwamen. A madadinsa ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu ko sisi. Abin da ya ɗoru a kai har zuwa naira miliyan 3 ana cire kashi 15. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18 ne, haka yake hawa har ya kai kashi 25 ga mai samun sama da miliyan 50, wanda wannan ba damuwarmu ba ce a yau.

Ki riƙe wannan da kyau, domin a nan mutane suka fi ruɗewa: matakala ce. Wanda ya samu naira 900,000 a shekara ba a kan dukan kuɗin za a cire kashi 15 ba, a kan naira 100,000 da ta haura ne kawai. Saboda haka ƙarin girma ko ƙarin albashi ba ya taɓa sa mutum ya koma baya saboda haraji.

Mu buga misali. Mafi ƙarancin albashi a Kano tun ƙarshen 2024 naira 71,000 ne. Sau 12 ya ba da 852,000. Idan aka cire kashi 8 na fansho daga wannan adadi, wato 68,160, saura 783,840. Bai kai 800,000 ba. Ke nan mai shara a asibiti ko maigadin makaranta da ke kan wannan albashi, a wannan lissafi babu harajin albashi a kansa. Da tsohuwar doka ce, lissafinsa zai kusa naira 2,900 duk wata.

Sai mu ɗauki malama mai naira 120,000 a wata, wato 1,440,000 a shekara. A cire kashi 8 na fansho, saura 1,324,800. A ware 800,000, saura 524,800. Kashi 15 na wannan shi ne 78,720 a shekara, wato naira 6,560 a wata. A tsohon lissafi kusan 7,750 ne. Ta samu sauƙin abin da bai kai naira 1,200 ba a wata. Sauƙi ne, ba a raina shi, amma kada wani ya ce miki an yafe wa malamai haraji.

Alawus ma albashi ne a idon doka

Akwai wata fahimta da ta daɗe a tsakanin ma'aikata, cewa gundarin albashi kaɗai ake yi wa haraji, alawus kuwa kyauta ce daga gwamnati. A wani zamani can baya akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ana keɓe wani yanki na alawus ɗin gida da na sufuri da na abinci. Wannan ya ƙare tun gyaran dokar 2011. Yanzu duk abin da ya shigo hannun mutum saboda aikinsa, a kwando ɗaya ake zuba shi. Kuɗin gida, kuɗin mota, kuɗin hutu, alawus ɗin aikin karkara, na haɗarin aiki da ake ba ma'aikatan lafiya, na kwanan dare a asibiti, ladan ƙarin lokaci, har da garaɓasar ƙarshen shekara a kamfanoni, duk sai an haɗa su kafin a ware 800,000 ɗin nan.

Wannan shi ne dalilin abin da yake haddasa ƙananan maganganu a gidaje. Maigida ya dawo da murna ya ce an amince da ƙarin alawus na naira 20,000. Ke kuma har kin raba shi a zuci: kuɗin makarantar Islamiyya, takalmin auta, sauran a ƙara a adashe. Wata ya ƙare, sai aka ga ƙarin 17,000. Kafin ki fara tunanin ko akwai inda 3,000 ta karkata, ki tuna kashi 15 na 20,000 shi ne daidai 3,000. Wani lokaci mutumin nan gaskiya yake faɗa. (Ban ce kullum ba.)

Akwai abubuwan da ba sa shiga kwandon. Idan aka tura ma'aikaci wani aiki ko bita a Kano, aka mayar masa da kuɗin mota da na masauki da ya kashe, wannan ba samu ba ne, mayar da kuɗinsa aka yi. Kayan sawa na aiki, rigar kariya, kayan aiki, abincin da ake dafa wa ma'aikata gaba ɗaya a wurin aiki, da kuɗin kwashe kaya idan an yi wa mutum canjin wurin aiki, su ma ba a lissafa su. Haka fansho da garatutin wanda ya yi ritaya, doka ta keɓe su.

Gidan da wurin aiki ya ba mutum kuwa ana lissafa shi. Idan ke ungozoma ce aka ba ki ɗaki a kwatas ɗin asibiti, doka tana kallon kuɗin hayar da irin ɗakin zai ci a shekara a matsayin wani abu da kika samu, sai dai ba za a ƙiyasta shi sama da kashi 20 na albashinki na shekara ba. A nan sai a sa ido. Ɗaki a Kademi ba ɗaki ba ne a Nasarawa cikin Kano. Idan kika ga an ɗora miki kashi 20 cif, ki tambayi yadda aka yi ƙiyasin.

Wani abu kuma da ya kamata ki bambance: ba duk abin da aka cire a takardar albashi ne yake rage haraji ba. Na fansho yana ragewa, haka gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa, da ta asusun gidaje na ƙasa ga wanda ake cire masa. Amma bashin banki, kuɗin ƙungiya, da bashin shinkafa ko babur da aka ci a ƙungiyar taimakon kai da kai, waɗannan bayan an gama lissafin haraji suke fita. Mutum zai iya karɓar rabin albashinsa saboda bashi, harajinsa kuwa yana nan a kan cikakken albashin.

Rangwamen haya, da sunan wa rasit yake?

Babban rangwamen da sabuwar doka ta zo da shi na masu haya ne. Mai biyan haya zai iya neman a cire kashi 20 na hayar da ya biya a shekara daga kuɗin da ake ɗora wa haraji, amma kada ya wuce naira 500,000. Sai mai biyan hayar miliyan 2 da rabi ne zai kai wannan iyaka, kin ga da mutanen Legas da Abuja aka yi tunani.

A Kademi wa yake haya? Yawancinmu gidan gado ne, ko ɗaki biyu da maigida ya tayar a gefen gidan mahaifinsa, bulo bayan bulo, da kuɗin kaka da na rago. Mai irin wannan gida ba shi da rangwamen haya. Akwai rangwame ga wanda ya ci bashi ya gina gidan da yake ciki, ana cire masa kuɗin ruwan da yake biya, to amma mu nawa ne za mu doshi bashin ruwa? Akwai na inshorar rai, na mutum ko na matarsa, shi ma ba abin da ya zama ruwan dare ba ne a wajenmu. A ganina wannan gefen dokar bai san ƙauye ba. An cire rangwamen da kowa yake samu ba tare da ya roƙa ba, an kawo wanda sai ɗan birni. Abin da ya cece mu shi ne faɗin 800,000 ɗin farko.

Duk da haka akwai masu haya a cikinmu fiye da yadda ake zato. Malamin da aka turo daga wani gari ya kama ɗaki. Ma'aikaciyar lafiya da aka kai Ajingi. Maigidan da yake aiki a Kano ya ajiye amarya a can. Duk waɗannan suna da haƙƙi, sai dai ba ya zuwa da kansa. Dole mutum ya bayyana ainihin abin da ya biya, a rubuce, kuma hukuma tana da ikon neman shaida. Mu kuwa hayarmu ta amana ce: a ba mai gida kuɗi a zaure, a yi addu'a, a tashi. Daga bana a riƙa karɓar rasit, ko da takardar hannu ce mai ɗauke da sunan mai gida, adireshi, adadin kuɗi, kwanan wata da sa hannu. Idan ta banki aka tura, a adana shaidar.

Kada kuma ki sa rai da yawa. Rangwame ba kuɗi ba ne da za a turo miki. Malamar nan tamu, a ce tana biyan hayar naira 120,000 a shekara. Kashi 20 shi ne 24,000. Wannan ake cirewa daga 524,800, harajinta ya sauko daga 6,560 zuwa 6,260. Naira 300 a wata, 3,600 a shekara. Kuɗin littattafan rubutu ne na zango guda, kuma nata ne, ban ga dalilin bar wa gwamnati shi ba.

Ga inda abin ya shafe ki ke kanki. Doka ba ta haɗa miji da mata a lissafi, kowa da nasa, kowa da 800,000 ɗinsa. Rangwamen haya kuma na wanda ya biya ne. Mun san gidaje da yawa da matar ce mai albashi, maigida yana noma ko yana buga-buga a kasuwa, ita take fitar da kuɗin haya ta miƙa masa a ɗaki, shi kuma ya kai wa mai gida, a rubuta sunansa. Rufin asiri ne, kuma abu ne mai kyau. Sai dai a takarda, wadda ake yanka wa haraji duk wata ba ta da shaidar ta biya komai, wanda yake da shaidar kuma ba shi da albashin da za a rage wa haraji. Wannan magana ce ta cikin ɗaki, a lokacin da rai yake a sake. Ba sai duniya ta ji ba. Shi ɗin zai iya kai kuɗin kamar kullum, ya ce a rubuta da sunan mai ɗakinsa saboda ofis ɗinsu suna nema, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne rubuta hayar da ba a biya ba, ko ƙara adadi. Bayanin ƙarya ga hukumar haraji laifi ne mai tara, ban da nauyin da ke kansa a wajen Allah.

Mai mata biyu a gidajen haya biyu kuwa, iyakar nan ta 500,000 ba ta ƙaruwa da yawan gida.

'Ya'ya fa?

Tambayar da kowace uwa za ta yi ke nan, amsar kuma ba daɗi. A da can dokar harajin Najeriya tana da rangwamen naira 2,500 a kan kowane yaro har yara huɗu, da naira 2,000 a kan dangi biyu da mutum yake ɗauke da su. Hauhawar farashi ta mayar da shi abin dariya, daga baya aka share shi. Sabuwar doka ba ta dawo da shi ba. Saurayin da bai ajiye kowa ba, da magidanci mai 'ya'ya tara da tsohuwa a ɗaki da marayun ɗan'uwa, muddin albashinsu ɗaya, harajinsu ɗaya.

Ba haka yake ko'ina ba. Maƙwabtanmu na Nijar, ma'aikaci a Maraɗi ko Damagaram ana sassauta masa harajin albashi gwargwadon iyalin da ke wuyansa. A Ghana akwai rangwamen karatun yara da na kula da tsofaffi. A Malesiya ma zakkar da Musulmi ya bayar ta hannun hukuma ana rage masa ita daga harajinsa. A nan kuwa zakka da sadaka ba sa rage wa mai albashi ko kwabo. Idan 'yan majalisar da muke zaɓa daga Gaya da Ajingi da Albasu suka zo neman ƙuri'a, ga tambaya a shirye.

Sai jita-jitar da ta cika wayoyinmu tun kafin dokar ta fara aiki, wai duk kuɗin da ya shiga asusu za a yanke masa haraji. Har wasu suka kwashe 'yan kuɗaɗensu suka mayar ƙarƙashin katifa. Ki kwantar da hankalinki. Kuɗin cefane da maigida ya turo, gudummawar biki ko suna, abin da ɗanki ya aiko daga Legas, kwasar adashe, duk ba samu ba ne na aiki ko kasuwanci, kyauta kuma doka ta keɓe ta. Babu harajin gado a cikin dokar. Abin da za ki gani shi ne naira 50 idan an tura naira 10,000 ko fiye, wadda a da mai karɓa ake cire wa, yanzu ta koma kan mai turawa. Sana'arki ta cikin gida, ƙuli-ƙuli ko ɗinki ko awara, riba ake dubawa, ba jari ko cinikin rana ba, kuma idan duk abin da kika samu a shekara bai haura 800,000 ba babu komai a kanki. Mai albashi da take sana'a a gefe ita ce ribarta za ta hau kan albashinta a lissafi.

To yanzu me za ki yi? Abu na farko a samo takardar albashi, ta wata ɗaya daga 2025 da ta wata ɗaya a bana. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ko malamin firamare ya nema a sashen albashinsu, na kamfani ko makarantar kuɗi ya nema wajen akanta. Ki haɗa gundarin albashi da dukan alawus, ki ninka sau 12, ki cire na fansho da sauran da muka ambata, ki ware 800,000, ki buga kashi 15 a kan ragowar in bai wuce miliyan 2 da dubu 200 ba, ki raba gida 12. Kalkuletar wayarki ta isa. Idan abin da kika samu ya yi kusa da layin PAYE, alhamdu lillahi. Idan tazarar tana da yawa, sai a koma ofis da takardar a hannu a nemi bayani cikin ladabi, in ba a gamsu ba a je ofishin KIRS. Lambar NIN ita ce yanzu lambar harajin mutum, a tafi da ita.

Mai aiki a wuri mai zaman kansa ya ƙara da tambaya ɗaya: abin da ake cirewa yana isa hukuma kuwa? Doka ta ce wurin aiki ya miƙa harajin kowane wata kafin 10 ga watan da ke biye, ya kuma kai bayanin ma'aikatansa na shekara kafin ƙarshen Janairu. Hanyar ganewa ita ce neman takardar shaidar biyan haraji. Ana buƙatarta wajen neman takardar mallakar fili, kuma gara a gano babu sunan mutum a rajista yanzu, da a gano ranar da ake tsaye a gaban jami'in filaye.

Rasit ɗin haya da takardun albashin kuma kada a bar su a aljihun rigar maigida su tafi wanki. Ki sa su a leda, ki ajiye a inda kike ajiye katin rigakafin yara, ki kuma ɗauki hotonsu a waya.